Filin bakin rafi: inda muka kwana kan neman tallafin LWCF

11 ga Fabrairu, 2024

To jama'a, tunda 'yan kwamitin unguwa sun ɗora min rubuta inda aka kwana bayan kowane zama, na ce bari in riƙa zuba shi da Hausa ma saboda masu tambayata wai ya ake yi a samu kuɗin gwamnati a Amurka a sayi fili a mayar da shi wurin shaƙatawa na jama'a. Filin da muke magana bai kai eka goma ba, yana bakin rafi, gabansa tsohon garejin manyan motoci ne da aka rufe tuntuni, bayansa kuma dausayi da bishiyoyi har bakin ruwa. Mai shi wata dattijuwa ce, marigayi mijinta ne ya yi garejin, yanzu harajin fili ya ishe ta tana son sayarwa kuma masu gina gidaje sun fara yi mata zarya.

Kuɗin da muke hari shi ne na asusun kiyaye ƙasa da ruwa, wanda kowa ke kira LWCF. Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa hannu a dokarsa a 1964, kuma mafi yawan kuɗin ba daga harajin mutane yake fitowa ba, daga abin da kamfanonin haƙar mai da gas a teku ke biyan gwamnatin tarayya ne. Dala miliyan 900 a shekara. Wani kaso tarayya ke sayen fili da shi don gandayenta, wani kason kuma a raba wa jihohi su ba garuruwa, wannan na biyun shi ne namu.

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani, ƙungiya irin tamu ba ta da ikon cika fom da sunanta. Sai gwamnatin jiha ko ta gari ko ta gunduma ko ta ƙabilun 'yan asalin ƙasa. Kenan duk zafin namu sai mun bi ta majalisar gari, ita ce za ta nema, ita za ta mallaki filin, mu dai 'yan tura mota ne.

2 ga Maris

Mun yi miting ta bidiyo da jami'ar jiha mai kula da shirin. Kowace jiha tana da nata jami'in da gwamna ke naɗawa, da nata kalanda, da kuma wani kundin tsarin shaƙatawa da ake kira SCORP wanda ake sabuntawa duk shekara 5, idan aikinka bai yi daidai da abin da kundin ya ce jihar na buƙata ba to makinka zai faɗi ko da kuwa filin ya fi ko'ina kyau. Sa'ar da muka ci, kundin jiharmu ya yi magana kan hanyoyin tafiya da ƙafa da kuma samun kaiwa bakin ruwa.

Ta faɗa mana abubuwa uku ba ɓoye-ɓoye. Tallafin ba ya wuce rabin kuɗin aiki, sauran rabin mu nemo. Ba a ba da kuɗin a gaba, gari ne zai kashe nasa ya kai rasit sannan a biya shi. Sannan kar a kuskura a sayi filin kafin tarayya ta amince, in ba an nemi takardar izini ta musamman tun kafin sayen ba, in ba haka ba kuɗin da aka kashe ya tafi kenan ba mai mayar maka.

Wannan na biyun ne ya sa akantan gari ya yi shiru. Gari babba ba ya jin komai, ya ciro daga asusu ya jira. Ƙaramin gari irin wannan kuwa, fitar da kuɗin fili gaba ɗaya a zauna jiran biya wata da watanni ba wasa ba ne, kuma a ganina nan ne tsarin ke da gyara, don garuruwan da suka fi buƙatar wurin shaƙatawa su ne suka fi rashin abin da za su fara ajiyewa.

19 ga Maris

Maganar rabin namu. Ba a yarda ka ɗauko kuɗin tarayya daga wani shiri ka ce shi ne gudummawarka ba, sai 'yan kaɗan da doka ta ware, kamar tallafin raya unguwanni na CDBG da na shirin hanyoyin shaƙatawa. Garinmu ya riga ya ɗaure na CDBG ɗinsa a gyaran bututun ruwa, don haka babu shi.

Wata mata daga ƙungiyar amanar filaye ta yankin, masu aikin kare filaye daga gine-gine, ta zo ta buɗe mana wata ƙofa. Idan mai fili ta yarda ta sayar ƙasa da farashin da mai kimantawa ya yanke, bambancin nan ana lissafa shi a matsayin kyauta, kuma kyautar tana shiga cikin rabin namu, ita kuma tana iya neman ragin haraji a kai. Amma akwai ƙa'ida, dokar 1970 kan sayen fili da kuɗin tarayya ta ce dole a rubuta mata cikakken farashin a miƙa mata tukuna, ta gani da idonta, sannan in ta ga dama ta sa hannu cewa ta yafe wani abu. Na ji daɗin wannan sharaɗin wallahi, don ba na son a ce mun zagaye tsohuwa da daɗin baki. Mun ce mata ta nemi nata lauyan, ba namu ba.

Wasu matasa sun ce za su fara kwashe tayoyi da ƙarafa daga yanzu a lissafa awanninsu cikin gudummawa. An ce musu aikin sa kai yana iya shiga lissafi amma sai wanda aka yi bayan an amince da tallafin. Sun ce za su kwashe duk da haka, in mai fili ta ba da izini.

14 ga Afrilu

Kimanta farashi ya fito. Ba irin wanda banki ke yi in za ka ci bashin gida ba ne, akwai ƙa'idar tarayya ta musamman, littafin da suke yi wa laƙabi da mai ruwan ɗorawa saboda launin bangonsa, masu iya aiki da shi ba su da yawa, sun fi tsada, kuma bayan ya gama sai wani mai kimantawa daban ya sake duba aikinsa. Abin da ya ba 'yan kwamiti mamaki shi ne ba ruwan littafin da kyan dausayi ko tsuntsayen da ke sauka, abin da yake tambaya kawai nawa kasuwa za ta biya in an yi amfani da filin ta hanyar da ta fi kawo kuɗi. Saboda haka gaban filin, inda za a iya gina gidaje, shi ya ɗauki kusan dukkan farashin, bayan da muke mutuwar so kuwa kuɗinsa kaɗan ne tunda ruwa na hawa shi.

27 ga Afrilu

Ga matsala ta taso. Binciken muhalli kashi na farko, wanda ake duba tsofaffin takardu da hotunan sama a kuma zagaya wurin, ya nuna akwai alamar tsohon tankin mai a ƙarƙashin ƙasa kusa da garejin. Ba wanda ya yi mamaki sosai, gareji ne fa. Sai dai dokar tarayya ta 1980 kan gurɓatattun wurare tana iya kama sabon mai fili da laifin da bai yi ba in bai yi wannan bincike kafin saye ba, shi ya sa lauyan gari ya dage a kai. An yi kashi na biyu, aka haƙa aka ɗebi ƙasa, sakamako ya nuna mai ya tsiyaya amma a kusurwa ɗaya, bai gangara rafi ba.

Yanzu ku ji yadda abin ya harɗe. Hukumar kare muhalli ta EPA tana da tallafin tsabtace irin waɗannan wurare, amma sai ka mallaki filin za ka nema. LWCF kuma ya ce kar ka saya kafin a amince. Jami'ar jiha ta ce ba za ta tura fayil da tanki a ƙasa ba tare da tsarin cire shi ba. Gaba kura baya siyaki. Kuma ko an samu na EPA ɗin, kuɗin tarayya ne, ba zai shiga rabin namu ba.

Abin da aka tsaya a kai, mai fili za ta cire tankin da kanta kafin a yi ciniki ta hanyar shirin jiha na tsofaffin tankunan mai, gari kuma ya sa hannu da ita a yarjejeniyar riƙe fili, wato a ba ta ɗan kafin alƙalami ta yi alkawarin ba za ta sayar wa kowa ba har wata 18. Wannan ba saye ba ne don haka bai karya ƙa'ida ba. 'Ya'yanta ba su so ba da farko, don mai gidaje zai biya nan take, ita ce ta ce a bari.

20 ga Mayu

Zaman majalisar gari na jiya shi ne mafi tsawo kuma shi ne wanda nake so masu karatu su tsaya a kai, don duk wanda zai nemi wannan kuɗi sai ya ci karo da shi.

A cikin dokar LWCF akwai sashe na 6(f)(3). Abin da ya ce a taƙaice, duk filin da kuɗin LWCF ya taɓa, ko saye ko gyara, ya zama wurin shaƙatawa na jama'a a sararin Allah har abada. Ba shekara 20 ba, ba 50 ba, babu ranar ƙarewa. In gari ya zo daga baya yana son ya gina wani abu daban a kai, ofis ko makaranta ko faɗaɗa titi, sai sakataren harkokin cikin gida na tarayya ya amince, kuma sai gari ya kawo wani filin a madadinsa wanda farashinsa na kasuwa a ranar bai gaza na wancan ba, amfaninsa da wurinsa kuma su yi kusan daidai. Lura fa, farashin ranar canji, ba na ranar da aka karɓi tallafi ba. Wato ko benci da ɗan fanfo kawai kuɗin ya saya maka, duk abin da ke cikin layin taswirar ya ɗauru, kuma jiha na zuwa dubawa duk shekara 5.

Wani kansila ya miƙe ya ce shi ba zai sa hannu a ɗaure jikokinsa ba, yana so a cire gefen titi daga taswira saboda wata rana za a buƙaci tashar kashe gobara a wannan ɓangaren gari. Ɗakin ya ɗauki hayaniya, wasu namu har da cewa ɗan koren masu gidaje ne. Ni ban ga haka ba. Tambayarsa ita ce tambayar da ya kamata a yi kuma yanzu ne lokacinta, kafin a ja layi, don garuruwa da dama sun sha wuya bayan shekara talatin da aka manta da sharaɗin aka kafa turken waya ko aka gina ɗakin taro a kusurwar fili, sai ga wasiƙa daga jiha. Wanda ya ce a yi tunani kafin a ɗaura bai yi laifi ba. Inda na saɓa da shi shi ne girman abin da yake son cirewa, don in an yanke duk gefen titi to ta ina mutane za su shiga, ina za a ajiye mota, ina mai keken guragu zai bi? Jami'ar jiha ma ta riga ta ce abin da ke cikin layi dole ya zama wuri mai cin gashin kansa, da mashiga tasa, ba wai tsibiri a bayan wani gini ba.

An yi ta ja har dare. Ƙarshe aka cire kusurwar da tankin yake, wadda dama ba wanda ke son yara su yi wasa a kai, gari zai saye ta da kuɗinsa shi kaɗai ba tare da tallafi ba, sauran duka ya shiga layi har da mashigar titi. Kansilan ya kaɗa ƙuri'ar amincewa. Safiyo zai sake zana taswira a wannan makon.

Ni dai wannan sashen shi ne ya sa nake ganin kuɗin ya cancanci wahalarsa. Magajin gari na zuwa ya tafi, majalisa na canjawa, ranar da kasafi ya yi ƙunci filin shaƙatawa ne abu na farko da ido ke faɗawa kai a sayar. Da wannan layin a takardar mallaka, mai son sayarwa sai ya fara nemo wani filin.

31 ga Mayu

An tura fayil. Ƙudurin majalisa, taswira biyu, kimanta farashi, takardar yafewar mai fili, tsarin gini, kasafi, rahoton taron jin ra'ayin jama'a, wasiƙun goyon baya daga makarantar firamare da gidan tsofaffi. Rajistar gari a shafin SAM.gov ta kusa ƙarewa, sai da sakatariyar gari ta sabunta, wanda duk zai nemi kuɗin tarayya ya duba tasa da wuri don sabuntawa ake yi duk shekara.

A wurin bayanin buƙata mun yi amfani da ma'aunin tafiyar minti 10 da ƙungiyar Trust for Public Land ta yaɗa, wato ko mutum zai iya takawa daga gida zuwa wurin shaƙatawa cikin minti goma. Su a lissafinsu kusan mutum miliyan 100 a Amurka ba su da wannan. Da muka ɗora taswirar unguwa, duk gidajen haya da ke hayin titin jirgin ƙasa suna waje da da'irar.

8 ga Yuli

Shiru daga wajen masu ba da maki, amma takardun gefe suna tafiya. Ofishin adana tarihi na jiha yana da kwana 30 ya amsa a ƙarƙashin sashe na 106 na dokar adana tarihi ta 1966, ya amsa ya ce a yi ɗan binciken kayan tarihi a tudun da ke kusa da ruwa kafin a haƙa komai, tunda bakin rafi wuri ne da mutanen da suka riga kowa zama a ƙasar nan suka saba zama. Tuntuɓar ƙabilun kuma ba aikinmu ba ne, tsakanin gwamnati da gwamnati ake yi.

Sai maganar jemage. Akwai wani mai dogon kunne da aka mayar cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a 2023, yana renon 'ya'ya a ɓawon bishiya lokacin zafi, saboda haka duk bishiyar da za a sare don hanya sai da hunturu. Injiniya ya karkata hanyar ta yadda kaɗan ne za a taɓa, ya kuma rage gangaren don ta cika ƙa'idar dokar naƙasassu ta 1990. Hanyar ta ƙara tsawo, ta ƙara kuɗi kaɗan, ta fi kyau.

An cire tanki. Ana jiran takardar rufe fayil daga jiha.

3 ga Satumba

Yau dokar LWCF ta cika shekara 60 cif. Na ɗan koma tarihinta saboda wani ɗan kwamiti ya tambaya ko kuɗin zai iya ƙafewa kafin a zo kanmu. A da kam abin tsoro ne, don miliyan 900 ɗin a takarda yake, majalisar dokoki ce ke yanke abin da za a saki duk shekara kuma da wuya ta saki duka, har wa'adin dokar ya taɓa ƙarewa a 2015 aka sabunta na shekara uku, ya sake ƙarewa a 2018. A Maris 2019 aka mayar da ita ta dindindin, sannan ranar 4 ga Agusta 2020 Shugaba Trump ya sa hannu a dokar da ta tilasta sakin cikakken kuɗin kowace shekara, jam'iyyu biyun duka suka mara mata baya.

Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne ɗaya rabin waccan dokar ta 2020. An ware har dala biliyan 1.9 a shekara na shekara biyar don gyaran abubuwan da suka lalace a gandayen tarayya, saboda hukumar NPS mai kula da gandayen ƙasa ita kaɗai a lokacin gyare-gyaren da ta tara ba ta yi ba sun kai kusan dala biliyan 12. Gwamnatin tarayya kenan da kanta, ta sayi wurare ta gina ta kasa kula da su. To ina ga ƙaramin gari? Tallafin da muke nema zai sayi fili, zai shimfiɗa hanya, zai gina banɗaki, amma ba zai biya ko sisi na yankan ciyawa, kwashe shara, wanke banɗakin, ko canja katakon gada in ya ruɓe ba. Kuma gari ya sa hannu zai riƙe wurin a buɗe cikin tsabta har abada. Kowa na son ranar yanka ƙyalle, ba wanda ke ɗaukar hoto da mai kwashe shara.

Na kawo maganar a zaman kwamiti. Shawara biyu suka fito, a nemi majalisa ta buɗe layi na musamman a kasafi don wannan fili maimakon a cusa shi cikin na sashen ayyuka inda zai ɓace, sannan mu buɗe ɗan asusun ajiya a gidauniyar al'umma ta yankin wanda ribarsa kawai za a riƙa taɓawa. Wasu na ganin mun yi gaggawa tunda ko tallafin ba a ba mu ba. Ni ina ganin masu ba da gudummawa sun fi sakin hannu yanzu da abin ke da zafi.

22 ga Oktoba

Alhamdu lillahi, imel ya shigo, muna cikin waɗanda jiha ta zaɓa. Ba mu ne na farko ba, muna can tsakiya, kuma sun rage abin da muka nema, sun cire rumfar taro suka ce mu nemi kashi na biyu daga baya. Kar kowa ya yi murna ta wuce wuri, wannan shawarar jiha ce kawai, fayil zai tafi NPS don amincewar ƙarshe kuma hakan na iya cin watanni. Har sai takardar yarjejeniya ta zo da sa hannu, ba saye, ba haƙa, ba ɗan kwangila.

Na kira dattijuwar na faɗa mata. Tambayarta ɗaya, ko za a bar itacen goro na daji da mijinta ya dasa a bayan garejin. Na duba taswira, yana cikin layi kuma hanya ba ta bi ta kansa ba.

16 ga Nuwamba

Abubuwan da ke gabanmu. Binciken muhalli na Afrilu ya tsufa, ƙa'ida ta ce wasu sassansa kar su wuce kwana 180 kafin ranar saye, dukkansa kuma kar ya wuce shekara ɗaya, don haka za a sake biyan kamfanin ya sabunta amma lauya ya ce a jira sai an san ranar ciniki kar a biya sau uku. Takardar rufe fayil ɗin tanki ta zo. Masu binciken kayan tarihi sun ce za su shigo kafin ƙasa ta daskare in yanayi ya bari, in ba haka ba sai bazara, wanda ke nufin saran bishiya ma ya koma hunturun baɗi.

Akanta ya yi magana da banki kan ɗan bashi na gajeren lokaci da zai cike tsakanin ranar biya da ranar da jiha za ta mayar da kuɗi, ruwan bashin kuma daga aljihun gari zai fito. Majalisa za ta zauna kan kasafin baɗi a farkon Disamba, layin kula da fili yana cikin daftari amma kansiloli biyu ba su nuna inda suka dosa ba. Duk ɗan unguwa da ke da hali ya zo zaman, ana ba kowa minti uku, kuma a rubuta suna wurin sakatariya kafin a fara.